Awon Malam Gana

Shekara uku cur Malam Zarami yana yi wa Sa'idu Baƙo murmushi, kuma in ka ga murmushin sai ka rantse ƙauna ce. Ina! Da za a buɗe ƙirjinsa a lokacin, ba abin da za a tarar sai Baƙon nan kwance, ana juya shi kamar kifi a kan wuta. Duk sanda Baƙo ya sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori ya ƙaraso Haɗeja duba makarantu, Zarami ne mai tarbarsa, shi ne mai aika masa tuwon shinkafa da miyar kifi, in zai koma Kano kuma ya ɗaure masa bandar tarwaɗa. Mutanen unguwa har suna cewa Zarami ba shi da zuciya, wanda ya yi wa ubansa haka shi yake wa bauta. Yana ji, ba ya tankawa. Abu ɗaya yake jira, ranar da Baƙo zai tsaya a ɗakin da ya wulaƙanta Malam Gana, shi ma a yi masa dariya.

Malam Gana shi ne mahaifin Zarami, kuma shi ne malamin Arabiyya a makarantar elemantare da ɗan nasa ke koyarwa. Kakanninsa daga Barno suka zo da littattafansu a kan jakuna, shi kuma ya gaji littattafan da kunnen. Aruli, ilmin awon waƙa na Larabawa, a cikinsa yake. In almajiransa manya suka kawo masa baiti, ba ya ko duba takardar, sai ya ce a rera, ya lumshe ido yana buga yatsa a gwiwa, nan take ya faɗi inda ƙafar awon ta karye. Shi da kansa ya rubuta waƙoƙi da ajami da suka cika jakar fata biyu. Turanci kam, ko zo in kashe ka bai sani ba.

Ranar rabon kyaututtuka ce, shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama. Baturen makaranta na wancan lokaci, wanda ake kira Jan Wuya, ya gama miƙa wa yara littattafai, sai daɗi ya ɗebe shi ya miƙe ya karanto wata tsohuwar waƙar ƙasarsu da ka, layi goma sha huɗu, a kan yadda shekaru ke cin mutum. Da ya kai ƙarshe ya ce ya ji labari akwai mawaƙi cikin malaman nan, a tambaye shi me kunnensa ya ji. Baƙo, malamin duba makarantu, shi ne tafinta.

Tsohon ya gyara rawaninsa ya yi magana a natse. Ya ce waƙar tana tafiya gajere-dogo, gajere-dogo, sau biyar a kowane layi, dangin awon Larabawa na rajazu ce ke nan, sai dai ƙafa biyu da rabi aka ba ta. Ya ce ƙafiya, wato ƙarshen layi da ke amsa juna, mu ɗaya muke riƙewa har waƙa ta ƙare, shi kuwa wannan mawaƙi ya sauya har sau bakwai. Amma ba kasawa ba ce, saƙar tabarma ya yi, ɗaya ta bi sama ɗaya ta bi ƙasa, sannan ya ɗaure bakin da layi biyu. Ya ƙara da cewa bai san abin da mutumin ke faɗi ba, amma a layi na tara ya juya jirginsa, a nan ya sake shawara.

Ka san abin da Baƙo ya mayar da wannan magana? Ya juya ga Bature yana danne dariya, ya ce wai tsohon ya ce waƙar gurguwa ce, ƙafarta biyu da rabi, kuma mai ita ko ƙafiya ɗaya ya kasa riƙewa. Sai ya saki dariyar. Masu jin Turanci suka taya shi, marasa ji suka taya masu ji, yara suka taya kowa. Wuyan Jan Wuya ya ƙara ja. Malam Gana yana zaune yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, bai san laifin da ya yi ba. Kuma wallahi ba wata tsohuwar gaba tsakaninsu, neman suna ne kawai, Baƙo yana son Bature ya ga shi ɗan zamani ne, ba irin waɗannan masu rawani ba. Bai tsaya nan ba, tir da hali, da ya koma Kano ya rubuta rahoto cewa tsohon yana raina ilmin zamani a gaban yara. Wata biyu ba su cika ba aka sallame shi.

Malam Gana bai kai ƙara ko'ina ba. Ya ɗaure jakunkunansa ya rataye, ya koma gonarsa ta shinkafa a fadamar Auyo, tun daga ranar kuma bai sake rubuta baiti ɗaya ba. Zarami yana ɗakin a ranar, a benci na uku, ya ji Hausar ya ji Turancin, bai ce uffan ba. In abin ya dame shi yakan gaya wa kansa tsoron rasa aiki ne ya ɗaure masa baki. Haka dai yake gaya wa kansa.

Ana nan, Jan Wuya ya yi ritaya ya tafi gida, aka kawo wani Bature siriri wanda lofe ba ya barin bakinsa, nan da nan ya zama Mai Lofe. A shekara ta ukun aka ce za a tura malami ɗaya daga lardin Kano ya yi kwas na shekara guda a Ingila, kuma sunan Baƙo ne a sama. Sai dai Mai Lofe ya kafa sharaɗi. Da kaka za a tara malaman ƙasar Haɗeja don kwas na mako guda, a nan yake son Baƙo ya tsaya ya koyar da su darasi ɗaya yana kallo: awon waƙar Turanci, ƙafiyarta da gininta. Ya buɗe littafin da Jan Wuya ya bari a ofis, ya ɗora yatsa a kan waƙar da aka fi ja wa layi. Ba sai na gaya maka wacce ba ce.

To, Baƙo ya iya rubuta wasiƙar Turanci mai tsawo da manyan kalmomi, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma kunne? Mutumin da ko tafi ya yi a wurin biki sai ya ɓata wa mai kalangu kiɗa. Ya kwana bakwai yana kallon layi goma sha huɗun nan suna kallonsa. Daga ƙarshe ya hau jirgi ya zo Haɗeja kwana biyar kafin kwas, bayan la'asar ya yi sallama a zauren Zarami. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa ko ya ci gonaki bana, sannan ya fito da takardar daga aljihu. Ya ce ya san Malam Zarami ne gwanin waɗannan abubuwa tun suna makarantar Midil tare, ko zai ɗan duba masa, ba wai bai iya ba, lokaci ne ba shi da shi.

Zarami ya karɓi takardar da hannu biyu. Da ya ga layin farko sai da ya haɗiye yawu don kada murna ta fito masa a fuska. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne. Ba ni kwana uku."

Ya san amsar da Turawa ke so, tun a Midil aka dasa masa ita. Waƙar Turanci ba da tsawon gaɓa ake auna ta ba, da nauyin murya ne, inda harshe ya danna da inda ya sassauta. Akwai ranar da ya gwada auna wata da arulin da ya koya a gida, malaminsu Bature ya ɗaga littafinsa ya nuna wa aji, ya ce ga wanda ya zo auna ruwa da igiya. Zarami bai manta dariyar ranar ba. Don haka da ya zauna neman abin da zai kayar da Baƙo ƙasa warwas a gaban Mai Lofe, bai yi dogon tunani ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta maganar ubansa kaf, yadda ta fito daga bakinsa, rajazu da ƙafa biyu da rabi, da tabarma, da jirgin da ya juya a layi na tara. Ya sa mata Turanci mai kyau, ya zana mata jadawali da alamomi. Yana rubutu yana jin daɗi har cikin haƙoransa. Maganar da ka mayar abin dariya, ita za ka faɗa da bakinka, a yi maka dariyar da ita.

Abu ɗaya ya tsorata shi, kada Baƙo ya gane ta. Ashe wahalar banza ya yi. Baƙo ya karanta daga sama har ƙasa yana gyaɗa kai, ko gezau, ko ɗan tsayawa ya ce kamar ya taɓa jin wannan. Mutumin da ya tashi tsoho daga aikinsa a kan magana, ashe ko sauraronta bai yi ba balle ya riƙe. Wannan ya ƙona wa Zarami rai fiye da komai. Abin da kawai Baƙo ya tambaya shi ne, wannan Larabcin da aka cusa, ba za a ce ƙauyanci ba ne? Zarami ya dube shi ido cikin ido ya ce yanzu abin da manyan malaman Ingila ke yayi ke nan. Ya roƙe shi kada ya ambaci sunansa, shi ƙaramin malami ne, ba ya son shiga gaban manya. Baƙo ya ce kada ya damu. Dama ko a mafarki bai yi niyyar ambatawa ba. Ya tafi masauki ya haddace takardar kamar karatun allo.

Ranar ta zo, a ɗakin nan dai, tagoginsa na kallon fadama, ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Malamai sun zo daga Kaugama, daga Birniwa, daga Auyo, wasu da ƙafar wando a jiƙe don sai da suka yi fito. Zarami ya nemi benci na uku ya zauna. Baƙo ya shigo cikin farar riga mai aiki yana ƙamshin turare, ya rubuta waƙar a baƙin allo, ya fara zuba abin da ya haddace. Gaskiya ya iya zubawa. Zarami bai kalle shi ba, wuyan Mai Lofe yake kallo, yana jiran ya fara ja.

Wuya bai yi ja ba. Da Baƙo ya ambaci rajazu sai Baturen ya cire lofen daga baki. Da ya zo kan tabarma sai ya matso da kujerarsa. Da ya kai layi na tara, Mai Lofe ya miƙe tsaye yana murmushi, ya ce wani abu da Larabci tiryan-tiryan, har malamin Arabiyya na Kaugama ya amsa masa ba shiri. Ashe mutumin nan shekara goma ya yi yana aiki a Sudan, a can ya zauna gaban malamai ya karanci aruli. Wa ya sani? Ya juya ga aji ya ce su Turawa da nauyin murya suke aunawa, gaskiya ne, amma wannan awo ya shiga gidan ta wata ƙofa ya tarar da abu ɗaya, taku biyar a kowane layi. Ya ce juyin layi na tara kuwa, malamansu sun cika littattafai a kansa, amma bai taɓa jin wanda ya faɗe shi da kyau haka ba.

Shekara uku Zarami yana dafa wa mutum kifi, ga shi yau da hannunsa ya ɗora shi a jirgin Ingila, kuma da guzurin ubansa. Baƙo sai washe baki yake yana sunkuyar da kai, wai shi mai kunya. Da Zarami yana da abin jifa a hannu, da ya jefa.

Daɗin da Mai Lofe ya ji shi ya ƙarasa aikin. Ba da niyyar tarko ba, don ƙaruwa kawai, ya goge gefen allo da hannunsa, ya miƙa wa Baƙo alli. Ya ce ya rubuta wa malamai ƙafafun rajazu cikakku, ya nuna inda aka gutsure, sannan ya kawo baiti ɗaya na Hausa ko na Larabci a wannan awo, a jera su a ji. Baƙo ya karɓi alli. Ya dubi allo, ya dubi rufi, ya yi tari. Ya ɗora allin ya danna har ya karye, bai ja ko layi ba. Mai Lofe ya ɗauka tsoro ne, ya ce to a bar rubutu, ya karanta layin farko yana buga takun a kan tebur. Baƙo ya buga bakwai. Aka ce ya sake, ya buga huɗu. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar.

Wani malami daga Birniwa ne ya fara, ya toshe baki da hula amma dariyar ta ƙwace masa. Daga nan ɗaki ya ɗauka. Zarami bai yi dariya ba, ya zauna yana sauraronta kamar mai shan ruwan sanyi bayan azumi, ba ya son ɗigo ɗaya ya zube. Mai Lofe ya ɗaga hannu aka yi tsit, murmushin ya bar fuskarsa. Ya tambayi Baƙo a hankali, maganar wa ya karanto musu?

Idon Baƙo ya tafi benci na uku. Zarami ya miƙe. Ya yi magana da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada kowa ya ce bai ji ba. Ya ce maganar Malam Gana ce, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a makarantar nan. A ɗakin nan ya faɗe ta, sau ɗaya tak ya ji waƙar, kuma ba ya jin Turanci. Sannan ya faɗi abin da tafinta ya mayar da ita, kalma bayan kalma, har da inda aka saki dariya, ya faɗi rahoton da ya biyo baya. Tsofaffin malamai biyu da suke nan a ranar suka ce haka aka yi. Baƙo ya nemi kujera bai samu ba.

Mai Lofe ya buɗe littafin aljihunsa ya ja layi ɗaya, kowa ya ga sunan Baƙo ya soke. Ya ce wa Zarami yana son ganin tsohon, shi zai zauna a ƙasa ya ɗauki karatu, kuma aikinsa yana nan in yana so. Baƙo ya bar Haɗeja da yammacin nan a bayan motar gyaɗa, ba rakiya, ba bandar kifi. Zarami ya tsaya a bakin hanya ya tabbata ya ga tafiyarsa, ya ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Washegari da hantsi ya shiga jirgin fito zuwa fadamar Auyo. Shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun sauko mata dubu-dubu. Ya tarar da ubansa a kan rumfar tsaro a tsakiyar gona, riƙe da igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, in ya ja su yi ƙara tsuntsaye su tashi. Zarami ya hau ya durƙusa ya gaishe shi, bai ko jira an gama tambayar mutanen gida ba ya kwashe labari ya faɗa. Ya kwaikwayi tarin Baƙo, ya kwaikwayi bugun tebur, bakwai sannan huɗu. Ya faɗi yabon da Bature ya yi, da maganar aiki. Tsohon yana ji yana jan igiyarsa, sau ɗaya ma ya ɗan murmusa, wajen layi na tara.

Da Zarami ya gama, Malam Gana ya tambaye shi yadda aka yi maganarsa ta shiga bakin Baƙo. Zarami ya faɗa da alfahari, shi ya rubuta masa, tarko ya ɗana masa, kwana uku yana gyara shi.

"Tarko," in ji tsohon. "Ka san Baturen nan yana jin Larabci?"

"A'a, Baba. Ba wanda ya sani."

"To da ka rubuta maganata ka ba Baƙo, so kake Baturen ya yaba, ko so kake ya yi dariya?"

Zarami ya san amsar. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, ta taso masa tun daga ciki har fatar kai. Ya nemi abin da ya fi kowane abu zama shirme a idonsa don ya kashe maƙiyinsa da shi, hannunsa kuma bai kai kan komai ba sai karatun ubansa.

Malam Gana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baƙo ba ɗana ba ne, bai san ni ba, dariyarsa ba ta hana ni cin tuwo ba. Ranar nan da ɗaki ya ɗauka, na waiga ina neman fuska ɗaya da za ta gaya mini ban yi hauka ba. Na same ka kana kallon ƙasa. Tun kafin Baƙo ya buɗe baki kake kallonta, tun da na ce rajazu."

Tsuntsaye suka sake sauka a gefen gabas. Tsohon ya ja igiya, gwangwanaye suka yi kuka, suka tashi suka koma gefen yamma. Ya ce a gaya wa Baturen ya gode, amma shinkafa ta nuna, ba mai tsare masa ita. Zarami ya zauna a bakin rumfar, ƙafafunsa na lilo a kan ruwa, har mai fito ya gaji da jira ya ɗaga murya yana tambaya ko za a koma ne.